Doya Mai Ƙamshin Fetur

Ni dillalin doya ne a kasuwar Gwada, kuma duk wanda ya san garin ya san wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Manyan motoci kan yi layi a gefen titin Minna zuwa Kuta, mu ƙirga musu doya ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya guda ɗari, ba ragi ba ƙari. Ruwa ne dai ba na wasa da shi. Ko a rafi, in ya wuce gwiwata, sallama nake masa.

Ƙanin matata ne ya jefa ni harkar jirgi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya daga ƙauyuka ya yi tashin gwauron zabo, sai ya zo mini da lissafi a bayan kwalin shayi. Ya ce mutanen ƙetaren tafkin Shiroro ba su da hanyar kasuwar Zumba da ta fi ruwa sauƙi, mu haɗa kuɗi mu sayi jirgin katako mai inji, shi ya tuƙa, ni in samu doya tun daga gona. Ina jin za a riƙa ce mini Alhaji mai jirgi, hannuna ya shige aljihu da kansa.

Injin da muka samu tsohon Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake fizgar igiya ya tashi, ana gauraya masa fetur da baƙin mai. Ya yi mana aiki da farko, daga baya ya fara tari. Da an taka shi sai ya shaƙe, sai an matsa ƙwallon robar nan da ke jikin tiyon mai sannan ya farfaɗo. Abin ya kai har muka ɗauki yaro wanda ba shi da wani aiki sai zama kusa da tanki yana matsa ƙwallo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Babban yatsansa na dama ya yi ƙwanji. Ranar da ya nemi ƙarin albashi ne na ce abin ya isa.

Akwai wani dattijon bakanike a kwatar Zumba, ƙarƙashin rumfar kwano, wanda ko tashi bai yi daga kan bencinsa ba ya ce: "Alhaji, 'yar fatar robar da ke cikin famfon injin ce ta yage. Ita ke numfashi tare da inji tana zuƙo mai. A sauya ta, shi ke nan." Na tambayi kuɗinta. Da ya faɗa, sai raina ya ɓaci. Ciwon da ya hana mu barci, a ce maganinsa bai kai kuɗin doya biyar ba? Ni ɗan kasuwa ne, na san araha ba ta ado.

A daren nan na ga wani Bature a Facebook cikin farin jirgi. Ya murɗa makulli, wani ɗan abu ya ce zzzz, inji ya tashi, ba ƙwallo, ba yaro, ba maganar albashi. Famfon mai na lantarki. Da gari ya waye na hau mota sai Minna.

A layin 'yan kayan gyaran mota, mai shago ya ce, "Alhaji, wace mota ce?"

Na ce, "Jirgi ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Na sama ko na ƙasa?"

"Na ruwa."

Bai ko girgiza ba. Ya ce mai dai mai ne, ko a ina yake. Ya ajiye mini guda biyu a kan kanta: wani ɗan ƙarami mara kwarjini, da wani dogo mai nauyi ɗan Kwatano, wanda ya ce daga jikin babbar motar Jamus mai injekta aka ciro shi. Ya ɗora wayoyinsa a batir, abin ya yi gurnani har ya motsa a kan kanta. Ya ce, "Ka ji maza." To, in kai ne, wanne za ka ɗauka? Na biya kuɗin da ya kusa rabin ƙwarya, na rungumo abina.

Mai gyaran janareto na unguwarmu ne ya ɗaura shi. Da yake injinmu ba shi da batir, sai muka aro na wata tsohuwar mota, muka girke shi a ƙasan jirgi kusa da tanki don kada ya faɗa ruwa. Wayoyi ya murɗa su da haƙori, ya naɗe da salatif. Na tambaye shi fiyus, don kada a ce ban san komai ba, ya ce fiyus na matsorata ne. Makunni kuwa babu. In za a tashi, a maƙala waya a kan batir. In an iso, a cire. Ƙanin matata ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, anya?" Na tuna masa wanda ya fi zuba kuɗi a jirgin.

Kasuwar Zumba ranar Asabar take ci. Muka ƙetara da asuba, da ƙwallon yaro, don ina so a yi bikin buɗe famfo a gaban jama'a. A can gaɓa muka loda doyata har ta yi tudu, sannan fasinjoji: mata Gbagyi da kayansu, wani Bafillace da ragonsa, wani malami riƙe da carbi, da wani saurayi da karan sigari maƙale a bayan kunne. Rigunan ruwa na jirgin kuwa suna can ƙarƙashin doya, don a nan ne ba za su ɓata ba.

Na miƙe da babbar riga, na maƙala wayar da hannuna. Zzzz. Fizga ɗaya inji ya tashi da wani irin kuka da bai taɓa yi ba. Na dubi yaron ƙwallo na ce ya huta, zamani ya zo.

Mun yi nisa da gaɓa, inda ba a ganin komai sai kawunan busassun itatuwan da ruwa ya cinye, inji ya yi atishawa, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Famfo kuwa bai mutu ba. Shi ba ruwansa da wanda ya mutu. Fetur ya fara tsiyaya daga maƙogwaron kafireta, sannan tiyo ya kumbura ya fizge daga bakinsa, ya shiga wutsil-wutsil yana yi wa doya ban-ruwa, ya bi ta kan rago, ya ƙare a kan babbar rigata.

Na kai hannu zan cire waya. Ban taɓa jin ƙanin matata ya ɗaga mini murya ba sai ranar. "Yaya, kada ka taɓa! Wallahi kada ka taɓa!" Ashe wayar da aka maƙala da hannu, in an cire ta tartsatsi take yi, batir kuma yana zaune a ƙasan jirgi, daidai inda warin fetur ya kwanta. A bar ta, mai na zuba. A cire ta, mu tashi. Malam ya ƙara wa carbinsa giya. Wata dattijuwa ba ta ce uffan ba, ta miƙa hannu ta zare sigarin saurayin nan daga kunnensa, ta laluba aljihunsa ta ciro ashana, ta watsa su ruwa. Bai yi gardama ba.

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma da dalili. Wannan ruwa ya ci mutane. A watan Mayun 2021 jirgin 'yan kasuwa da suka taso daga wannan kasuwa ta Zumba ya kife da su, aka rasa rayuka da dama. Duk wanda ke cikin jirginmu ya san labarin.

Yaron ƙwallo, wanda na sallama ɗazu, shi ya zare tiyo daga bakin tanki, famfo ya koma zuƙar iska. Sannan shi da Bafillacen suka ɗaga batir a hankali da wayoyinsa, suka ɗora shi can kan gefen jirgi ta inda iska ke busowa, aka jira wari ya lafa, aka cire waya. Sai tuƙi da hannu. Filafili ɗaya ne a jirgin. Sauran muka yi da farantin wata mai ƙuli-ƙuli, da katakon benci, da takalmina. Can nesa ga madatsar Shiroro, wadda tun 1990 aka gina ta don ta ba ƙasa megawat 600, mu kuma batir mai bolt 12 ya mayar da mu zamanin kakanni. Muka iso kwata kasuwa tana watsewa.

Dattijon bakanike ya juya famfon a hannunsa, ya auna nauyinsa, ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an yi wa jariri ɗura da tiyon 'yan kwana-kwana?" Ya buɗe kafireta ya nuna mini wata 'yar allura da ba ta kai tsinken sakace ba. Ita ce ke toshe hanya in mai ya cika, kuma ƙarfin da take iya tarewa kaɗan ne. Mazan da na sayo suka banke ta suka wuce.

Ɗana da ke karatun injiniya a jami'ar fasaha ta Minna ya zo hutu, ya ƙarasa ni da lambobi, a gaban uwarsa. Ya ce, "Baba, inji mai kafireta ba ya son turi fiye da PSI 7, ƙananan injinan jirgi ma ƙasa da haka. Famfon mota mai injekta kuwa 40 zuwa 60 yake bugawa." Ya ce tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota in mai ya zuba, titi ke sha, iska ta kwashe sauran. A jirgi kuwa ba shi da wurin zuwa sai ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Shi ya sa famfon lantarki na jirgin ruwa ake rufe shi ruf, yadda tartsatsin cikinsa ba zai haɗu da tururi ba, kuma ana buga masa shaida a jiki: ISO 8846, ko SAE J1171. Ya ce a Amurka doka ce ta masu tsaron gaɓar teku cewa famfon lantarki ba zai yi aiki ba sai lokacin da inji ke juyawa ko ake tayar da shi. Inji na mutuwa, shi ma ya tsaya. Sai fiyus, da matacin da ke raba mai da ruwa kafin famfo, da tiyo na mai na gaske wanda aka ɗaure da maɗaurin ƙarfe. Sannan ya rage murya ya ce irin wannan famfo na manyan jirage ne masu inji a ciki, namu tun daga masana'anta da famfonsa ya zo.

Na ce masa duk na ji, amma ya lura da kyau: babu inda ya ce famfon bai yi aiki ba. Aiki ya yi, har ya wuce gona da iri. Mai shago bai tambayi kafireta ba, mai janareto ya raina fiyus, Baturen Facebook kuma bai nuna ƙasan jirginsa ba. Uwarsa ta tashi ta shiga ɗaki tana tari.

Doyar ce ta zama jidali. Na wanke ta, na shanya, na jera a rumfa, na zauna ina fifita. Masu saye daga kudu sukan ɗaga guda, su kai hanci, su ajiye a hankali su ce za su zagayo. Wani ya tambaya ko lita nake sayarwa. A gida aka kirɓa sakwara, yara suka ci loma ɗaya suka ce sun ƙoshi, kuma aka hana kowa yin gyatsa kusa da murhu. Akuya ma ta sansana ɓawon ta ba shi baya. Bafillace ya aiko a gaya mini ragonsa ya yi kwantai. Da na mayar da famfo Minna, mai shago ya nuna mini rubutun da ke bango cewa kaya in sun fita ba sa dawowa, ya kuma tambaya ko ina bukatar wanda ya fi wannan ƙarfi.

Dattijo ya sauya 'yar fatar robar nan kafin shayinsa ya huce, inji bai sake tari ba. Rigunan ruwa yanzu a jikin mutane suke kafin a ɗora doya, ƙanin matata ne ya kafa wannan doka ba tare da ya nemi shawarata ba. Yaron ya samu ƙarin albashinsa, alhali ko ƙwallon ba ya matsawa.

Famfon yana nan a rumfata a kasuwar Gwada, lafiyarsa lau. Mai mota mai injekta ya zo mu daidaita, zan yi ragi. In jirgi gare ka, kada ma ka tsaya gaisuwa.