Ranka Ya Daɗe, a Taimaka da Takardar Shaida

Duk shekara da an buɗe neman tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth, sai matasa su bazama farautar wanda zai rubuta musu takardar shaida. Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta fara a 1983, mutum biyu yake so su tsaya wa mai nema, kuma a nan da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, don sun ɗauka girman mai sa hannu ake aunawa. Masu tantancewa kuwa wanda ya ga aikinka da idonsa suke nema, mutumin da zai faɗi wani abu a kanka da ba zai hau kan ɗalibin da ke bayanka a layi ba.

Babban Mutum ake fara rugawa wurinsa. Farfesa ne, ko tsohon kwamishina, ko Sanatan da mahaifinka ya yi aji ɗaya da ƙanen matarsa. Za ka yi sammako ka zauna a benci, sakatare ya ce Oga na mitin, ka yi azahar a nan, ka yi la'asar. In Allah ya sa an shigar da kai, ka cire takalmi ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe," shi kuma ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ka ce?" Ka faɗa, ya ce, "Allah sarki! Yaya Alhaji?" alhali Alhaji ya daɗe da rasuwa, kuma shi kansa ya zo gaisuwa. Takardar in ta fito abin kallo ce: ga kauri, ga tambari mai ruwan zinari, ga jerin muƙamai da sarautu sun cinye rabin shafi. Can ƙasa layi uku: mai ɗauke da wannan takarda yaro ne mai ladabi, ɗan gidan mutunci, a taimaka masa. Sunanka ma ba a rubuta shi daidai ba. Duk da haka za ka kai ta shagon kwamfuta a lulluɓe ta da leda kada ta yi datti.

Wani zai ce ai a ƙasar nan suna ke buɗe ƙofa. Haka ne, in gurbi kake nema a ma'aikatar jiha, amma ko a can wayar da Babban Mutum ya buga ce ta yi aikin, takardar rakiya ta yi. Wanda ke zaune a Landan da tulin takardu a gabansa bai san Sanatan ba, ba ya kuma jiran kwangila daga hannunsa. Ladabinka ba zai gaya masa ko za ka iya kammala digiri na biyu cikin shekara ɗaya ba. Ƙaramar malamar da ta duba furojet ɗinka, wadda ta riƙa dawo maka da babi na uku jina-jina da jan biro har ka gyara, ita ce ke da abin faɗi, ko da ofishin da take zaune su uku ne a ciki.

Sauran masu rubuta shaidar ba sa buƙatar dogon bayani. Kawu yana ƙaunarka, shi ya sa ma aka hana dangi da abokai yin shaidar. Maroƙi zai rantse tun da ya fara koyarwa bai ga kamarka ba, kuma duk ajin haka ya rubuta musu. Akwai mai takarda ɗaya tal a kwamfuta, suna kawai yake canzawa, shi ya sa Hauwa ke komawa "shi" a sakin layi na biyu, ta zama Musa a na uku. Akwai mai tsoron Allah da ba ya rage gaskiya: "Yana da ƙoƙari in ya ga dama." Shi kuwa Malam "je ka rubuto na sa hannu," a yi masa sassauci, mu masu tulin takardun jarrabawa a kan tebur mun san uzurinsa.

Wanda ba shi da uzuri shi ne Malam "ba damuwa." Da fara'a yake amsawa, har ya dafa kafaɗarka ya ce ai kai namu ne. Saƙon neman shaidar da aka turo masa ta imel yana nan bai buɗe ba. Ka tuna masa, ya ce gobe in sha Allahu. Ka sake kira, yana Abuja. Ranar da wa'adi zai cika, wayar a kashe. Masu kare shi za su ce kunya ce, Bahaushe ba ya iya cewa a'a kai tsaye. To kunyar wa aka ji? Da ya ce ba shi da lokaci tun farko, da yaron ya nemi wani, ga wata guda a gabansa. Yanzu an ajiye takardunsa gefe don ba su cika ba, kuɗin jarrabawar Turanci da mahaifiyarsa ta haɗa da adashi sun tafi, sai kuma wata shekarar. Bayan mako biyu su haɗu a bakin masallaci, Malam ya miƙo hannu yana murmushi ya ce, "Af! Yaya aka ƙare da maganar nan taka?"