Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Injin Niƙan Unguwarmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da sarkinsa, da fatan bel ɗinka bai tsinke ba, tanon ruwanka bai ƙafe ba. Ƙararka na kawo, kuma gabanka na kawo ta, tunda a unguwar nan kai ne mai laifi, kai ne alƙali.

Kunun da aka dama a gidana yau da safe ba na gidana ba ne. Hatsin dai nawa ne, ni na auno tiya biyu a kasuwar Gure, uwargida ta surfa, ta wanke, ta shanya, aka aiki yarinya ta bi layi. Kurɓar farko na ji barkono. Ta biyu na ji kuka. Ta uku gazwal ya yi mini sallama. Ga shi kuma ya tsinke tsararo, ludayi ba ya kama komai, har na fara hararar uwargida, baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba.

Da na tambayi yarinya wa ke gabanta a layi, sai ta ce wani mutum ne da buhun dawa mai tsiro, wai ta kunun zaƙi ce. Allah ya sa. Ni dai na san dawar da aka jiƙa, aka lulluɓe har ta tsira, aka shanya aka kawo niƙa, hanyarta biyu ce, ko kunun zaƙi ko burukutu, kuma buhu guda cif ya yi wa kunun zaƙi yawa in ba suna ake yi ba. Ban kama sunan kowa ba. Na kuma san tsiro ba giya ba ne sai an dafa an bar shi ya kwana ya tashi. Amma aikinsa ke nan, ya narkar da ƙullu ya mai da shi ruwa mai zaƙi, shi ya sa masu wancan sha'anin ke nemansa, shi ya sa kuma ɗan abin da ya maƙale a maƙogwaronka ya isa ya kashe kunun gida guda. Da wane dalili za ka sa ni tarayya da mutumin da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba?

Halinka ne, ba yau ka fara ba. Duk wanda ya kawo niƙa sai ka riƙe wani abu daga nasa ka zuba wa na bayansa. Mai masara ya ci na mai yaji, mai yaji ya ci na mai kuɓewa, kowa a unguwa ya san miyar maƙwabcinsa ba tare da an aiko masa da kwano ba. Bafadenka, wanda gari ya mayar tsoho tun yana saurayi, har girarsa fari fat, iyakar tsabtarsa ita ce ya ɗauki guntun ice ya ƙwanƙwasa maka kai sau biyu ya ce, "Sai wa?" Abin da ya zube ƙasa kuwa ya share ya tara wa ragonsa, ragon da ya fi duk na unguwa wuya. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. To ku biyun kun haɗu.

Kai, bari in ajiye ladabin nan. Haƙoranka na ƙarfe da ake cirewa a kai wasawa duk sa'ad da suka dallashe, ina ƙarfen da ya goge yake tafiya? Cikinmu! Mai musu ya ja maganaɗisu cikin garin da aka niƙa bayan sabon washi ya ga abin da zai biyo shi. Gazwal kuma, tun 2011 ake tace shi a matatar Damagaram, ganga 20,000 na ɗanyen mai aka gina ta ta iya tacewa a rana, a ɗauro shi a bi kwalta sama da kilomita 150 zuwa nan don ka sha kai kaɗai. Wa ya ce ka sam mini?

Sauran laifuffukan ba sai na ja ba: ƙarar da ke hana ladan jin muryar kansa, kuɗin niƙan da ke hawa ba ya sauka, da ciwon da ba ya kama ka sai jajiberin salla, a ce sai an aiko da ƙarfe daga Kano.

Lokacin da Bajamushe Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya sauka a Gure a 1852, garin sarki Muniyoma Koso, turmi da dutsen niƙa ke mulkin ƙasar nan, kowane gida da ɗanɗanon tuwonsa. Ba na cewa a koma can. Da na furta haka ɗazu, uwargida ta nuna mini taɓarya ta ce bismilla, sai na tuna ina da uzuri a waje. Kantar da ka sauke daga hannun mata gaskiya ce, kuma da ita kake yi mana gadara.

Don haka roƙona ƙarami ne, ranka ya daɗe. In ka gama da mai tsiro ko mai yaji, a zuba maka kwanon dusa guda ka kurkure baki kafin a zo kan hatsin bayin Allah. Dusar ni zan riƙa kawowa.

Naka wanda ba shi da wani injin sai kai,
Wani magidanci a Gure