Ire-iren 'Yan Kallo In An Taɓa Malamin Bogi

Tun zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, 'yan camama ba su da naman da ya kai malamin bogi romo: ya buga ƙasa, ya zare ido, ya ce aljani na son baƙin rago da kuɗin turare. Da ɗan damfara fim ɗin yake, amma zauna bayan 'yan kallo ka sha wani fim ɗin kyauta.

Akwai Mai Biya Nan Take. Yana dariya har da hawaye, sai ya dafe ƙirji: "Astagfirullah!" Kowace ƙyaƙyatawa da istigfarinta. Kafin fim ya ƙare ya cika ɗari, ya tashi yana ganin riba ma ya ci.

Sai Alƙalin Nesa. Bai kalla ba, ba kuma zai kalla ba, amma saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya ishe shi yanke hukunci. Yana da dangi har Turai. Da fim ɗin Life of Brian ya fito a 1979, wasu ƙananan hukumomin Birtaniya sun hana shi ba tare da sun gani ba. Norway ma ta hana, maƙwabtanta 'yan Suwidin suka mayar da hanin abin talla, mutane suka yi ta tururuwa.

Ga Malam Su-Ake-Nufi. Ran da ya kalli PK na Aamir Khan, inda aka tona asirin wani gurun Indiya mai tatsar mabiya, har ƙasa ya faɗi don dariya. In fim ɗin gida ne kuwa, sai ya duba rawanin ɗan wasan da tsawon wandonsa. In shigar 'yan wancan masallacin ce, "gaskiya ɗaci gare ta." In ta nasu ce, a kira Hukumar Tace Finafinai.

Hajiya Nawa-Daban-Ne tana tafa hannu: "Wallahi haka suke, macuta!" Amma fa nata malamin ba haka yake ba. Rago uku ta kai masa kan maganar kishiya, kishiyar kuwa jiya aka yi sunan ɗanta na biyu.

Can ƙurya ga Mai Kaza A Aljihu, wanda ba ya jimirin "as". Tunda aka nuno faifan ƙasa yake gyaran murya, yana cewa yaran zamani ba sa ganin girman malamai. Wayarsa na ruri, wata ce ke tambayar ko aiki ya kammala.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne tsohon malamin zaure, wanda ya shekara arba'in yana biya wa almajirai Ahalari da Ishmawi, ba ya karɓar ko sisi. Ya fi kowa dariya, kuma bai yi istigfari ko sau ɗaya ba. Da jikansa ya ce, "Baba, ba ku ji haushi ba?" sai ya ce, "Haushin me, ɗan nan? Ai shekara arba'in ina faɗa wa mutane haka, ba wanda ya saurara sai da aka sa kiɗa."