Mun Sa wa Mota Fiffike, Mun Ɗora Mata Albasa

Mu dai mutanen Garwa ba ma ganin abu a bayan motar wani mu kwana da shi a zuci. Yaro ya ga motar tsere a waya da faffaɗan fiffike a kan but, kafin la'asar ya kai tsohuwar Carina ɗinsa wurin mai walda, an huda, an ɗaure, an fesa jan fenti, sai yawo daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, hannu ɗaya a sitiyari. Kada kowa ya yi dariya. Wanda bai sa fiffike ba ya sa shuɗiyar fitila a ƙarƙashin bamfa, wanda ba shi da mota kuma ya fasa salansar babur don a ji zuwansa tun daga gadar Binuwai.

To, Alhaji, me fiffiken yake yi? Irin na jirgin sama ne aka kifa. Na jirgi yana ɗaga shi, wannan kuwa iskar da ke bi ta ƙarƙashinsa ta fi ta sama sauri, sai ya danna motar ƙasa, tayoyi su ƙara kama kwalta, a sha kwana ba a zame ba. Amma da sharaɗi: sai da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, dannawar takan ninka huɗu, saboda haka abin da zai ba ka a gudun kilomita 40 a awa kashi ɗaya ne cikin 16 na abin da zai ba ka a 160. Ina mu ina 160, tsakanin ramukan hanyar Marwa, da shanu masu tsallaka titi ba sallama, da jandarma a gaba yana jiran takardu? Ga shi kuma yawancin ƙananan motocinmu da ke shigowa ta Duwala tayoyin gaba ne ke jansu, mu kuwa can baya muka kafa abin.

Masu abin ma da wuya suka koya. A 1968 aka fara ganin fukafukai a tseren Formula 1, a 1969 kuma, a Basalona ta ƙasar Sifen, dogayen fukafukan motocin Lotus biyu suka karye ana tsaka da gudu, Graham Hill da Jochen Rindt suka yi haɗari, aka hana irin waɗannan dogayen. Injiniyoyi ke nan masu awo da lissafi. Namu kuwa mai walda ne ya kanne ido ɗaya ya ce ya yi daidai.

Abin da ba ma faɗa shi ne muna da tamu hanyar danna mota ƙasa tun kafin wannan yayi. Je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ka gani: buhunan albasa da masara a but har murfin ba ya rufuwa, katifa da akuya a sama, mutum huɗu a baya, biyu a gefen direba, kowa na cewa a ɗan matsa, ai tafiyar ba nisa. Motar ta dannu kam, har salansa na gaisawa da ƙasa. Sai dai iska tana danna mota ba tare da ta ƙara mata nauyi ba, buhu kuwa nauyi ne da burki zai yi fama da shi, kuma lodin sama shi ke sa mota tangaɗi a kwana. Duk direban da ya gangaro tsaunin Ngaundare da kaya ya san warin burki.

Sannan duk abin da ya tare iska, fiffike ne ko katifa, injin ne ke biyan kuɗinsa, mu kuma mu tsaya wurin mai zuwa-zuwa, wato mai sayar da fetur a bakin titi, muna ƙorafin mota ta faye shan mai. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba na cewa a cire fiffiken, ado ne, kuma ranar kai amarya yana fitowa a hoto. Amma don Allah, ɗan'uwa, kafin ka kai wa mai walda kuɗinka, sunkuya ka duba tayoyin nan huɗu, ka ga ko akwai sauran zane a jikinsu.