Yadda Ake Kai Ɗalibai Gona Mai Gona Bai Yi Kuka Ba

Malamin da ya ƙudura kai ɗalibansa gona a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya fara da hana su sa farin yunifom. Uwa ce za ta sha wankin, kuma ita za ta sa hannu a tafiya ta gaba. Tsohuwar riga, takalmin roba da gorar ruwa sun wadatar. Wanda ya zo da takalmin Sallah, a ba shi riƙon rajista.

Akwai wurin da babu wasa. Iyayen Ƙanƙara ba su manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan ɗaliban makarantar kimiyya ta garin. Rashin tsaro ya hana magidanta da yawa zuwa da 'ya'yansu gonakin nesa, har aka samu ɗan manomi da bai taɓa kai ƙarshen kunya ɗaya ba. Tafiyar don irin wannan yaro ake shirya ta. Saboda haka a zaɓi gonar bakin gari, a nemi yardar kowane uba, a sanar da dagaci da jami'an tsaro, a kai gaisuwa fada: ta Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, ta Sarkin Yamma a Faskari, ta Kogo a Sabuwa. In suka ce a dakata, a dakata.

Kalandar makaranta da ta damina ba sa ga maciji. Dogon hutu yakan cinye tsakiyar damina, don haka malam ya kama Yuni da farkon Yuli in shuka da noman firi yake so a gani, ko ya jira Oktoba da Nuwamba, lokacin kaka.

Da an isa, malam ya sa alli a aljihu ya bar wa sarkin noma aji. Kada a miƙa wa kowa fartanya sai ya nuna da yatsa wanne ne dawa, wanne ne ciyawa, domin ƙaramar dawa da ciyawa kamar 'yan biyu suke a idon baƙo, kuma yaro mai himma zai iya share rabin kunya kafin a ankara, ya ɗago yana jiran yabo. A sa ɗan gidan mai gona a kan kowane layi. Shi ma malam ya karɓi tasa fartanyar. Yara sun fi saurin sunkuyawa in sun ga bayan malaminsu ya jiƙe.

Can cikin damina 'yan mata za su hango wani fure mai kyau a gindin dawa su ruga. A bar su. Ƙuduji ne, kuma mai gona zai sa musu albarka in suka tumɓuke shi da saiwa kafin ya yi iri, suka fitar da shi daga gonar. Yana maƙale wa saiwar dawa, gero da masara ya tsotse abincinsu, irinsa kuma yana iya yin fiye da shekara 10 a ƙasa yana jira. Daga nan sai a buɗe musu kunnen masara su ga ɓarnar tsutsar nan da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, a faɗa musu cewa irin masarar SAMMAZ da na audugar SAMCOT daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya suke fitowa.

Auduga ta cancanci yini nata. Daudawa, a ƙasar Faskari, ta yi suna da gonar irin auduga tun zamanin Turawa, masaƙar Funtuwa kuma tana nan kusa. Amma darasin da ya fi zama a kai yana cikin gida, wurin tsohuwar da ta iya kaɗi. A roƙe ta ta fito da mazari da alli. Kowane yaro zai ce abin ba wuya, kowane zare zai tsinke a hannunsa, Iya kuwa za ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. In ta fara ba da labarin gayya da yadda ake cika rumbu, kada malam ya duba agogo.

Malamin lissafi ma ya biyo su. Damin dawa nawa ke ba da buhu, tiya nawa ke cikin buhun, nawa aka kashe wa taki da 'yan ƙwadago? Mai gona zai ba da amsa da ka tun yaran suna neman biro. Manyan aji, in hali ya yi, a kai su kasuwar shanu ta Sheme su ji yadda ake yanke la'ada, da sharaɗin kada kowa ya taya sa.

Masarar gashi sai wadda mai gona ya karya da hannunsa, kuma makaranta ta biya. A ƙirga yara kafin a tashi, a ƙirga fartanyu, a leƙa aljihun waɗanda suka daɗe a gonar gyaɗa, a kama hanya kafin la'asar.