Zuwa Ga Kan Firintata, Sarkin Taurin Kai

Ranka ya daɗe,

Da na tambaye ka yaya ka kwana, amma na riga na sani, don tun asuba na sa ka ka buga layukan gwaji a kan leda, na ɗaga ledar a hasken taga, na ga abin da ka yi. Baƙi ya fito, ɗorawa ta fito, shuɗi ya fito da giɓi uku kamar bakin tsohuwa, fari kuwa ko ƙyallinsa babu. Riga ɗari da ashirin na walimar saukar karatu suna jibge a kan benci, ranar Asabar za a sa su, yau kuma Laraba.

Masu gyara suna ce maka hed, ni ina ce maka kai, kuma sunan ya dace da kai. A kanka na san ciwon kai, a wurinka na ga girman kai, har yau kuma haɗin kai nake roƙo ban samu ba.

Ba zan ɓoye alherinka ba. Ƙofofi ɗari biyar da arba'in gare ka, casa'in ga kowane layi cikin layuka shida, kowace ƙofa ta fi gashin kai siranta. Ba ka dafa tawada kamar wasu 'yan uwanka. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne a cikinka yake motsi idan lantarki ya taɓa shi, sai ya tofo ɗigon da ido ba ya gani. Ranar da ka so aiki, kana zana fuskar amarya a kan leda har kwallin idonta ya fito, mu barbaɗa garin gam, mu gasa, mu danne a kan riga da zafi wajen digiri 160 na daƙiƙa goma sha biyar, mai riga ya tafi yana washe baki. Ranar da ba ka so ba kuwa, sai ka mayar da amarya kamar an leƙo ta ta asabari.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce a Japan aka tsara ka don buga hotuna a kan takarda, da tawada tsinkakkiya kamar ruwan shayi, mu ne muka kwashe launuka biyu marasa duhu muka ɗura maka fari a madadinsu. Gaskiyarka. Farar tawadar nan kuwa ƙullun koko ce. Garin da ke ba ta farinta, wanda masana ke kira titaniyom dayoksayid, yana da nauyi. Ka bar ta ta kwana, sai gasara ta kwanta a ƙasa, tsararo ya taso sama. A tanki take kwanciya, a cikin tiyo take kwanciya, a maƙoshinka ma take kwanciya. Shi ya sa ake girgiza ta kowace safiya, a kuma sa ka ka buga ko da ɗan abu kaɗan ne kullum. To, ni na tafi biki Gusau na yi kwana shida, na bar wa yaron shago amanarka, shi kuma ya riƙe amanar wayarsa. Wannan laifin na ɗauka. Amma kwana shida fa, ranka ya daɗe! Ko kishiya ba ta yin irin wannan fushi.

Sai kuma hunturu. An ce kana son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano, a watan Janairu, inda yakan sauka ƙasa da kashi 20, leɓe na tsagewa, kaushi na yanka zanin gado? Ni ma da nake ciyar da kai man kaɗanya nake shafawa in haƙura. Duk da haka na sayo maka na'urar tururi, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙura, na hana shara da tsintsiya a ɗakinka. Uwargida ta ce ita ba a taɓa yi mata haka ba, kuma ban samu abin ce mata ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda shi ne in nemi afuwa kan wata guda da na yi ina zaginka a banza. Duk lokacin da layi ya ɓata, sai in danna wankin kai, in sake dannawa, har sau bakwai a jere, tawada mai tsada tana malala cikin kwalbar datti, kai kuma abin sai gaba yake. Sai da wani dattijo mai gyara ya zaunar da ni ya ce in jera takardun gwajin a gabana in duba. Idan giɓin yana wuri ɗaya a kowace takarda, to toshewa ce ta gaske, tawada ta bushe a ƙofa. Idan kuwa giɓin yana yawo, yau nan gobe can, iska ce ta shiga hanya, ko kuma damfa, 'yar jakar nan mai rariya da ke zaune a samanka, ta cushe ba ta sakin tawada yadda ya kamata. Nawa yawo yake yi. Ya ce wanki biyu ko uku ya isa, daga nan a kashe ka a bar ka ka huta wasu sa'o'i kumfa ta kwanta. Ashe yunwa kake ji, ni kuma ina ta yi maka wanka.

Ya kuma nuna min mazauninka, ɗan kofin robar da kake komawa ka kwanta a kai. Ya cika shi da ruwan wanki, ya kunna, muka zuba ido mu ga ko famfo zai zuƙe. Bai zuƙe ba. Bakin robar ya yi ɓawon busasshiyar tawada, ba ya kama fuskarka, don haka duk wankin da nake yi iska kawai ake ja. Robar da ke share maka fuska ita ma ta yi kanta, tana shafa maka datti maimakon ta goge. Da ɗan soso mai sanda ya gyara su duka biyu cikin minti goma, ya karɓi kuɗin da har yanzu ina jin zafinsa.

Amma kai ma ka ji tsoron Allah game da ɗauke wuta. Na san idan aka kashe ka da maɓalli kana komawa mazauninka ka rufe baki, idan kuwa wuta ta tafi kana tsakiyar aiki sai ka tsaya a fili kana shan iska. Kafin in ja janareta sau uku har ka fara bushewa. Ɗan uzuri ai ba ya kashe kai.

Yanzu ga alkawarina. Ba zan kusance ka da allura ba, ko da maƙwabcina ya rantse haka yake yi wa nasa. Ba zan goge ka da takardar share hanci ba, sai ƙyalle marar zare da aka jiƙa da ruwan wankinka, in shimfiɗa maka ka kwanta a kai har ɓawon ya yi laushi. Idan ta kai ga sirinji, a hankali zan tura kamar mai ba jariri magani, don na ga wanda ya danna da ƙarfi ya fasa shamakin da ke ciki, ja da shuɗi suka haɗe, aka yi jana'iza. Ba kuma zan bari ɗigo ɗaya ya taɓa wayoyinka ba, sai na zare soket kafin in taɓa su, don idan suka jiƙe ba kai kaɗai za ka tafi ba, har da allon da ke ba ka umarni.

Kai kuma abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: fari ya fito cikakke daga yau zuwa daren Juma'a. Na tambayi kuɗin sabonka a kasuwa, aka faɗa min abin da ya isa a yi layya, saboda haka kada ka ɗauka barazana nake yi, mu biyun mun san ba ni da halinta.

Na canza damfa, na girgiza fari, tururi yana tashi. Bayan la'asar zan sake ɗaga leda a taga.

Naka mai haƙuri dole,
Mai buga riguna, lungu na biyu bayan masu ɗinki