Masu Yi wa Kumbo Kwalliya

A wasan kwamfuta na Space Engineers, wanda kamfanin Keen Software House na birnin Prag ya fara saki a 2013, babu dokar da ta ce sai jirgi ya yi kyau kafin ya tashi. Sararin samaniya ba iska, saboda haka ba ruwan kumbo da sulɓin jiki ko tsinin hanci. Ka haɗa akwati, ka sa masa injin turi ta fuskoki shida, ka ba shi wuta da kujerar direba da na'urar juya jiki, shi ke nan, sai tafiya. Duk da haka za ka tarar da magidanci da gemunsa ya raba dare yana manna bututun da ba ya ɗaukar komai, da eriyar da ba ta kama kowace tasha, da tsanin da in ka hau shi bango kawai za ka tarar.

Laifin na 'yan fim ne. Lokacin da ake shirya Star Wars, wanda ya fito a 1977, masu ƙera ƙananan jiragen da ake ɗauka a hoto sun riƙa sayen kayan wasan roba na tankokin yaƙi da jiragen ruwa da motoci, su tsinci 'yan gutsattsarin ciki su liƙa a jikin kumbo. Ido yana auna girman abu ne da ƙananan abubuwan da ke jikinsa. Ƙaton jirgin da ya cika majigi a farkon fim ɗin bai kai mita ɗaya ba a zahiri, tarkacen nan ne suka sa mai kallo ya rantse gari guda ne ke wucewa ta samansa. Masu harkar na kiran tarkacen "greebles". Wato tun asali sana'ar yaudarar ido ce, kuma kowane mai gini a wasan nan da irin tasa ƙaryar.

Na farko a layi shi ne wanda ya rantse ba ya cikin layin, wato Mai Bulo. Jirginsa dogon akwati ne mai launin toka, launin da wasa ya ba shi tun ranar farko. In ka yi masa maganar ado sai ya dube ka ya ce, "Malam, yana tashi ko ba ya tashi?" Abin haushin, yana tashi, kuma in aka yi karo shi ke cin kowa, don ba shi da wani abin da zai karye. Amma ka zagaya da kyau, za ka ga jan layi ɗaya siriri a wani gefe. Zai ce maka ba kwalliya ba ce, alama ce don ya riƙa gane gaba da baya. Gaskiyarsa ne. Kafin layin nan shi kansa sai ya shiga ciki yake sanin inda jirgin ya fuskanta.

Kishiyarsa shi ne Ba-a-bar-fili. Wannan bawan Allah in ya ga bulo biyu a jere babu komai a kansu, barci ba ya ɗaukarsa. Ya sa bututu, ya sa wani bututun a kan bututun, ya kewaye su da dogarin ƙarfe, ya ga dogarin ya yi tsirara ya rataya masa fitila. Jikin jirginsa kamar jeren ɗakin amarya ne na da, kwano kan kwano har rufi, ba inda za ka ajiye ido ka huta. Tun daga nesa ba ka gane siffar jirgin, sai dai ka ga wani curi mai ƙaiƙayi yana tahowa. Shi bai san cewa ado na fitowa ne in akwai fili kusa da shi ba, kuma in ka gaya masa, zai je ya cike filin da ka nuna.

Wahalarsa ba ta tsaya a kansa ba. Kowane bulo a wasan yana da nauyin da yake ɗora wa kwamfuta, ana lissafa shi da ma'aunin da ake kira PCU, kuma masu riƙe da sabar da jama'a ke wasa tare sukan yanka wa kowa iyaka. Ba-a-bar-fili yakan cinye rabonsa kafin ya tuna bai sa bindiga ko ɗaya ba. Ranar da ya shigo da gwanintarsa cikin jama'a, gudun wasan yakan sauko daga 1.0 zuwa wajen rabi, kowa ya koma tafiya kamar cikin ruwa, mai haƙar ma'adini a can wata duniya ya fara tambaya ko intanet ɗinsa ce. Shi kuwa yana can yana kewaya jirginsa yana cewa, "Ku dai jira ku ga cikinsa."

Sai Malam Dalili. Shi ma yana kwalliya, amma ba zai taɓa yarda sunanta kwalliya ba. Duk bututun da ya sa sai ya san daga ina ya taso, ina za shi, me yake ɗauka, ko da yake wasan bai san da zaman bututun ba. Kuskure ne babba ka nuna wani faranti ka ce ya yi kyau. "Ba kyau ba ne, ɗan'uwa, lagireto ne." Daga nan karatu ya fara: a sarari zafi ba shi da iskar da za ta kwashe shi, shi ya sa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fara haɗawa a 1998, take da manyan fararen faranti da ruwan amoniya ke zagayawa a cikinsu, kuma marikan da ke jikinta don 'yan sama jannati su kama ne in sun fito aiki. Duk gaskiya ne. Zan ma ce jiragensa sun fi na kowa kama da abin da mutane ke zaune a ciki, domin ƙaryar da ke da tsari ita ce ido ke saurin yarda da ita. Matsalar ita ce ka tambaye shi gaisuwa ya ba ka lacca, kuma yakan rushe gefe guda cur don ya gano ƙofar gyara ta yi nisa da tankin da babu kowa da zai taɓa gyarawa.

Mai Madubi ba ya aza bulo sai ya kunna tsarin da ke kwafe hagu zuwa dama. Rayuwarsa lafiya lau har ranar da ya zo sa kujerar direba, wadda faɗinta bulo ɗaya ne, ya tarar faɗin jirgin bulo goma sha biyu ne, babu tsakiya. Wani zai sa kujeru biyu ya wuce. Shi sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya share aikin wata guda, ya sake daga farko da goma sha uku. Yana da abokin gaba, Ɗan Karkace, wanda ya lura cewa ɗakin direban Millennium Falcon a gefe ɗaya yake, tun daga ranar ya ɗauki daidaito a matsayin rashin basira. Shi eriyarsa a hagu, hasumiyarsa a dama, injin ɗaya ya fi ɗaya girma da gangan. In ka haɗa su biyun a aiki ɗaya, ɗaya na gyarawa da rana, ɗaya na ɓatawa da dare, kowa na ganin taimako yake yi.

Mai Fitilu ba ya buƙatar dogon bayani, ana hango shi. Ja, kore, shuɗi, mai ƙiftawa, mai juyawa, kuma sunan jirgin nasa wai Inuwar Dare, na leƙen asiri. Ƙaninsa Mai Allo kuwa ya cika bango da allunan rubutu masu gargaɗi iri-iri, har da "a kula da mataki" a inda babu nauyi balle faɗuwa.

Wanda ya fi kowa jarunta, ko rashin jin magana, shi ne Abokin Clang. Bulon babban jirgi a wasan mita biyu da rabi ne, na ƙaramin jirgi rabin mita. Duk mai son ado mai laushi a jikin ƙaton kumbo sai ya ji manyan bulon sun yi masa kauri. Dabarar da aka gano ita ce a dasa majuyi a jikin babban jirgi, a sa masa ƙaramin kai, a gina ƙananan bulo a kansa. Kyau kam ana samu. Amma lissafin motsi na wasan ba ya son a haɗa jiki da jiki ta majuyi da fistin, in ransa ya ɓaci sai abubuwa su kama karkarwa ba dalili, su bugi juna, su tarwatse. 'Yan wasan sun raɗa wa wannan dodo suna Clang, kamar yadda 'yan Kerbal Space Program ke kiran nasu Kraken. Mutuminmu ya san da haka sarai. Ya dasa majuyi arba'in, kowanne na riƙe da ɗan akwatin ado. Jirgin na tsaye gwanin sha'awa. Ya zauna, ya taɓa maɓalli, ya kama hanyar mita ɗari a daƙiƙa, iyakar gudun da wasan ya yarda da shi. Can sai ka ji ƙyas, ƙyas, wani faranti ya fara rawa. Kafin ka ce kwabo hancin jirgin ya wuce wutsiyarsa, kujerar direba na juyi ita kaɗai a sarari da shi a kai. Ba ya fushi. Zai ce, "Na san wanda ya jawo, na goma sha bakwai ne," ya koma ya ƙara biyu don su riƙe shi.

Akwai Mai Tsatsa, wanda ke gina sabon jirgi don ya yi kama da tsoho. Yakan ɗauki injin yankan ƙarfe ya cinye rabin bulo har ƙashin ginin ya fito, ya shafa fenti mai kama da tsatsa, ya sa faranti ɗaya mai launi daban kamar an ciro shi daga wani jirgin. Yana da labarin kowane tabo, wane yaƙi, wace shekara, alhali jiya da la'asar ya yi shi. Babban tashin hankalinsa shi ne abokin kirki mai son taimako, wanda zai wuce da abin walda a hannu, ya ga ɓarna, ya gyara masa ita tas, ya zo yana jiran godiya.

Ni dai in za a ba ni zaɓi, ina bayan wanda ba a cika lura da shi ba, mai tara adonsa wuri uku ko huɗu, a wuyan jirgi, da gindin inji, da cikin wani rami tsakanin faranti biyu, ya bar sauran jiki sumul. Ido ya huta a fili, ya faɗa ramin ya ga hayaniya, sai ya ɗauka duk cikin jirgin haka yake. Da bulo ɗari yake samun abin da Ba-a-bar-fili bai samu da dubu ba. Aibinsa ɗaya, ya san ya iya.

Mai Hoto shi ma ya san inda ido ke zuwa, sai dai ya wuce gona da iri. Gefen da zai fito a hoto kawai yake ƙawatawa, daga gaba ta hagu, rana na bayansa. Ɗaya gefen bango ne fayau, cikin kuwa kango, ko ƙofa babu. Ya rufe bakin injin da wata kyakkyawar raga, bai damu da cewa harshen wutar inji na cinye duk bulon da ya tare shi ba, don bai taɓa kunnawa ba. Ɗan Aro yakan sauko da irin wannan jirgi daga rumbun Steam Workshop, ya canza masa fenti, ya ƙara eriya biyu, ya sa masa sunansa. In ka yaba, zai ce "ai an sha wuya." Ranar da ya tashe shi ne zai gano babu injin da ke kallon gaba, wato babu birki, dutse kuwa na matsowa.

Duk waɗannan a yanayin wasan da bulo ke zuwa kyauta suke sheƙe ayarsu. Akwai ɗaya yanayin, na neman tsira, inda komai sai an haƙo ƙarfe, an narke, an buga faranti, an yi walda. A nan ne ake samun mutum na ƙarshe, wanda bai taɓa manna ado ko ɗaya ba amma duk a wuyansa yake ƙarewa, Mai Walda. Abokinsa ya zana jirgi, ya kawo zanen, an haska shi da na'ura ya tsaya a fili kamar hayaƙi, saura a mai da shi ƙarfe bulo bayan bulo. Bulon sulken da ake kira mara nauyi guda ɗaya na babban jirgi yana cin farantin ƙarfe 25, nauyinsa kilo 500. Mai Walda ya yi sawu ya dawo, ya yi sawu ya dawo, jakarsa ta cika ta zube, batirin rigarsa na kuka. Ya iso wani lungu a ƙarƙashin fiffike inda sai ya kwanta rigingine yake kaiwa, ya tarar da ƙananan bulo jere sun yi wani zane da ba mai gani sai wanda jirgin ya taka.

"Maigida, wannan kuma na mene ne?"

"Wanne? A'a, kar ka taɓa, shi ne ya ɗaure zanen gaba ɗaya."

"Yana yin wani aiki?"

"Yana ba da girma."

Mai Walda ya duba rumbu, ƙarfe ya ƙare. Ya hau ɗan jirginsa na haƙa, akwati mai launin toka da ya saya wurin Mai Bulo, ya nufi dutse. Yana hanya saƙo ya iske shi cewa an ɗan sake fasalin fiffiken, kar ya damu, na hagun kawai za a kwance.